Fitilar Kawu da Ba Ta Haska Ɗaki

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, layinmu na Tudun Wada ya cika har masu keke suka riƙa sauke fasinja tun daga bakin titi. Matan zumuntar coci sun zo da zannuwansu iri ɗaya, suka zazzauna a tsakar gida suna rera waƙa ƙasa-ƙasa. Maza suna waje a rumfa, limamin cocinmu a kujera ɗaya, limamin masallacin layi a ta gefensa, kowa yana gaisuwa da kalmar da ya saba. Wannan ya ce Ubangiji ya ta'azantar da mu, wancan ya ce Allah ya ba da haƙurin rashi. Ni dai amin nake ta cewa, don ranar ba ni da wata magana a baki.

Da na zauna ina sauraro sai na ga kowa da irin Kawun da ya zo da shi. Tsofaffin ɗalibansa na jami'a, wasu har da furfura, suna ba da labarin malamin kimiyyar haske da yake kulle ƙofar aji ƙarfe takwas daidai, amma in ya hango ka a taga kana rubutu sai ya ɗaga murya don ka ji. Wata tsohuwa daga Hanwa ta ce shi ya gano tabarau ɗin da take sawa bai dace da idonta ba, ya raka ta da ƙafarsa aka canza mata. Masu acaɓan bakin layi kuwa ba su san shi da wani suna ba sai Baba mai fitila. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, ya miƙe, sannan ya ce, "To Anti, fitilar nan dai har Baba ya tafi ba mu ga haskenta ba." Aka yi dariya a gidan makoki, har da limaman biyu.

Inna, matar Kawu, ita ce ba ta yi dariyar ba, ba ta kuma yi kuka ba. Tun daga asibiti har aka dawo daga maƙabarta idonta a bushe yake. Tana zaune a tabarma, hannuwa a cinya, tana amsa gaisuwa daidai wa daida kamar an aike ta. Mata suka fara raɗe-raɗin cewa kukan da bai fita ba shi ke kwantar da mutum. Mamata ta ce su ƙyale ta, kowa da yadda rashi yake kama shi.

A rana ta uku Yaya, babban ɗan Kawu, ya kira ni gefe. Shi a Abuja yake aiki, kuma mutum ne mai son ya gama magana tun kafin shayi ya huce.

"Ɗakin Baba nake so a kwashe," ya ce. "Ƙanwar Inna za ta dawo nan da zama, ba za mu bar tsohuwa ita kaɗai ba. Ranar Asabar zan koma. In akwai mai amfana da kayan nan ya ɗauka, in babu na yi wa 'yan gwangwan magana."

Ban ga laifinsa ba. Na kira shugaban sashenmu na jami'a a waya na roƙe shi teburi guda a ɗakin gwaji don kayan Kawu. Ya yi min ta'aziyya da kyau, sannan ya faɗi gaskiya: sito cike yake da matattun na'urori, ba zai ƙara wata gawa a kai ba. In abin yana aiki, zai zo Asabar da safe ya gani da idonsa, ya ba ni wuri. In ba ya aiki, in yi haƙuri. Kwana huɗu ke nan tsakanin aikin rayuwar Kawu da kurar 'yan gwangwan.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Da Babanmu ya rasu ina 'yar firamare, Kawu ya zo ya ɗauki akwatina ya ɗora a bayan mashin, ya ce wa Mama, "Wannan tawa ce." A gidansa na girma, a hannunsa na koyi lissafi, kuma sawunsa na bi har na zama malamar kimiyyar haske a yau. Bai taɓa kirana da sunana ba, 'yar Kawu yake cewa, har gidan duka suka ɗauka. Abu ɗaya ne ban gado a wurinsa ba, shi ne sanyin baki. Duk wanda ya san ni ya san harshena yana riga hankalina fita.

Labarin fitilar ya fara ne shekarar da aka tura shi ƙasar waje bincike. Abokansa da suka je irin wannan tafiya sun dawo da mota, wasu da firji. Kawu ya dawo da gwangwanin biskit. Da aka buɗe, sai ga wani zaren gilashi siriri kamar gashi, a naɗe, wanda wani abokin aikinsa na can ya ba shi. Inna ta leƙa ta ce, "Malam, zare ka kawo mana? Ko allura ba ka haɗo da ita ba." Ya ce ta bi shi a hankali, a cikin zaren nan akwai wani ƙarfe mai wuyar samu da ake kira tuliyam. In ka ɗura wa zaren haske daga wata 'yar fitila, sai ya haifi nasa hasken mai ƙarfi, wanda ake kira leza. In ka haɗa bakin zaren da gindinsa ya zama zobe, hasken sai ya yi ta zagaye a ciki. Matsalar ita ce irin hasken da tuliyam ke bayarwa idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Shi ya sa unguwa ta shekara da shekaru tana jin labarin fitila, ba wanda ya taɓa ganin ta haska ko ƙarƙashin gado.

Sauran kayan ɗaya bayan ɗaya ya tara su, wani kyauta daga tsohon ɗalibi, wani ya gyara daga abin da aka yar. Da ya yi ritaya ya shimfiɗa su a dogon teburi a ɗakin da ke kusa da zaure, ya ja musu wuta daga batirin sola. Ya ɗauko alli ya ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango. Ba mai tsallake layin nan, ba mai shara bayansa. Inna ta yi yaƙin tsintsiya da shi har ta gaji ta bari.

Abin da kowa ke nema a wannan sana'a shi ne ya kulle hasken. Wato maimakon ya yi ta zuba kamar famfo, ya dunƙule ya zama bugu guda ɗaya, gajere, mai tsabta, ya zagaya zoben ya fito, ya sake zagayawa ya fito, sau miliyoyi a daƙiƙa. Ana samun haka ne da wasu ƙananan faifai guda uku da ake naɗa zaren a jikinsu. Sai ka yi ta karkata su, wannan kaɗan, wancan kaɗan, har hasken ya yarda ya kullu. A manyan ɗakunan gwaji akwai na'urori masu allo da ke nuna maka ka isa. Kawu ba shi da su.

Abin da yake da shi shi ne Alhaji, mai gyaran rediyo da shagonsa ke kallon ƙofarmu. Sun fi shekara talatin suna shan shayi tare suna musu a kan komai, daga siyasa har wanda ya fi iya suya a Kwangila. Wata rana Kawu ya zauna da biro ya lissafa saurin zagayen haskensa, ya ga ya faɗa daidai cikin gajeren zango, inda ake kama tashoshin nesa. Ya tsallaka titi da takardar a hannu. Alhaji ya duba, bai gane ko ɗaya ba, amma ya ɗauko wata tsohuwar rediyo mai jakar fata, ya cire mata eriya, ya liƙa waya a gurbinta. Kawu ya haɗa wayar da ɗan idon lantarki mai jin hasken da mu ba ma gani. Tun daga ranar fitilar ta fara magana. In hasken bai kullu ba, rediyon sai ƙara da tari da fito. In ya kullu da tsabta, sai ta yi tsit kamar an kashe ta. Alhaji yakan leƙo ta taga ya ce, "Malam, yau wace tasha muke kamawa?" Kawu ya ce, "Tashar da ba ta ƙarya, Alhaji."

Shirun nan Kawu ya yi ta nema da farko, kuma yakan samu. Sai dai ba ya zama. A buga ƙofa ya gudu, rana ta take ya gudu, babbar mota ta wuce a titi ya gudu. Ana cikin haka wata rana ya karkata faifan zuwa wani wuri, sai rediyon ta ba da wata ƙara ta uku, ba tari ba, ba shiru ba, wani shuuu mai laushi da ba ya yankewa. Na ga shafin ranar a littafinsa. Ya rubuta "ya lalace", sannan ya ja layi a kai da wani biro daban. Ƙarar nan ta ƙi tafiya. Ya buga teburi, tana nan. Ya bar ta tun safe har la'asar, tana nan.

Daga baya ya gano wasu masana a waje sun ci karo da irinta, suna kiranta bugu mai kama da hayaniya. Hasken ya kullu, amma ba bugu guda ba ne. Dunƙule ne na dubban ƙananan ƙyaftawa, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, kowane zagaye suna sake fasali, amma tare suke tafiya tare suke dawowa. Yadda Kawu ke bayyana wa Alhaji ya fi na littafi. Yakan ce, "Ka tsaya daga nesa ka saurari kasuwar Tudun Wada. Ba mai jiran wani ya gama magana, amma tare ake buɗewa, tare ake tashi, kuma gobe ma tana nan." Ya yi imani irin wannan hasken mai taurin rai shi ya dace da ƙasa irin tamu, inda zafi da girgiza ba sa neman izini, kuma wata rana likitoci da masu auna iska za su neme shi.

Bai taɓa rubuta inda ya tsayar da faifan ba. Na tambaye shi ina budurwa, ya ce aikin banza ne, zaren da safe daban da rana daban, ko ka ɗan matsar da shi a teburi komai ya canza. "Mutane na cewa gani ya kori ji," ya ce. "A ɗakin nan ba mu da gani, sai ki koyi ji." Na ce to, amma ban koya ba.

Yana da halaye da har yanzu in na tuna sai na murmusa. Shayi ba sukari, amma ya saci ƙuli-ƙulin Inna ya cika aljihu. Akwai Lahadin da ya shiga coci da tabarau na kare ido a goshi, baƙi ƙirin kamar na mai walda, ya zauna a layin dattawa bai sani ba har aka tashi. In ka kawo masa ƙarar wani, ɗalibi ne ko ɗa ne, maganarsa ɗaya ce: kada ka kira abu lalatacce don bai je inda ka aike shi ba, fara duba inda ya je. Da idon Alhaji ya fara dushewa har ya kasa liƙa waya, Kawu ya shiga tsallaka titi kowace safiya ya zauna a cikin shagon, bayan labule, yana yi masa aikin. Masu rediyo su zo su karɓa su yaba wa hannun Alhaji. Da Inna ta tambaye shi, ya ce yana motsa yatsunsa ne kada su sandare. Sai a zaman makoki Alhaji ya tona wannan, yana faɗa yana share ido da hannun riga.

Yanzu sai in faɗi abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake ba ya min daɗin faɗa. Na je waje na yi digiri na uku a kan irin wannan leza, a ɗakin gwaji mai sanyi da na'urori masu allo har bango. Na dawo kaina ya fi ƙofar gidanmu faɗi. Kawu ya yi shekara uku yana jiran ya nuna min abin da ya samu. Ko jakata ban gama saukewa ba ya kama hannuna, ya tsallakar da ni layin alli, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya kunna fitila, ya kunna rediyo, ya tsaya yana kallon fuskata kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Na saurara, ko rabin minti ban cika ba. Na ce, "Kawu, ai wannan shi ne abin da muke gudu. In ya fito mana a can, juya faifai muke yi mu kore shi."

Ya ce ya sani, shi ya sa yake so mu zauna tare mu rubuta, ni da Turancin zamani da sanin inda ake aikawa, shi da abin da ya tara. Na ce wa zai karɓi takardar da aka auna da rediyon Alhaji, dariya za a yi mana. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Shekara nawa ke nan kana kiwon hayaniya, Kawu. Ka huta mana."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya kashe fitilar, ya cire tabarau ya ninke. Sannan ya ce, "To Dakta, Allah ya ba mu haƙuri. Mu je, abinci na jira."

Daga ranar na zama Dakta. Bai yi fushi da ni ba, da ma ya yi. Kowace Lahadi ina zuwa bayan coci, mu ci tuwo, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya raka ni har bakin layi. Amma 'yar Kawu ba ta sake fita daga bakinsa ba, kuma bai sake kirana ɗakin ba. Inna ma da sauran mutanen gida suka bi shi da Dakta, su a ganinsu girmamawa ce. Bayan 'yan shekaru na fara ganin masana suna neman irin bugun nan da gangan, suna rubutu a kansa, saboda dalilan da Kawu ya faɗa wa Alhaji a bakin taga. Na san na yi kuskure. Kowane mako sai in ce Lahadi mai zuwa zan faɗa masa, in na zo kuma girman kai ya hana ni. Lahadin ta ƙare min ina kallo, Kawu ya tafi ban faɗa ba.

Shi ya sa da Yaya ya ba ni kwana huɗu, na karɓi makulli nan take. Na buɗe ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa. An share shi tas, an goge ƙasa, layin alli ya tafi. Zaren da Kawu ya baza a teburi yadda shi kaɗai ya sani, an naɗe shi da kyau kamar na saƙa, an ajiye a gefe. Faifan uku an kwantar da su a jere. Rediyo babu ita.

Mama ce ta yi. Baƙi za su kwana, ta ga ɗaki a hargitse, ta gyara. Faifan ta gan su a karkace ta ɗauka faɗuwa suka yi, ta miƙar da su. Rediyon kuwa Yaya ne ya fitar da ita rumfa ranar jana'iza, aka tsinke wayar aka maƙala mata eriya don jama'a su ji sanarwar rasuwa. Na ɗaga wa Mama murya, na ce garin neman gira an rasa ido. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Yayana ne kafin ya zama kawunki. Ba zan bar baƙi su ga ɗakinsa kamar juji ba. Ke da kika san darajar kayan, ina kike duk shekarun nan?"

Allah ya taimaka zaren bai karye ba, hannun Mama hannun mai saƙa ne. Na baza shi a hankali. Na kai wa Alhaji rediyon, ya shafa ta da yatsu ya gane ta, ya ce in zauna in liƙa da kaina shi zai faɗa min wuri. "Hannunki na rawa, Malama," ya ce. "Nasa ba ya rawa. Ki numfasa tukuna." Na yi lissafin zagaye na nemo gurbin tashar, na kunna fitila, rediyo ta amsa da tari. Ranar Laraba ke nan.

Na wuni ina karkata faifai. Ranar Alhamis da hantsi rediyon ta yi tsit, na samu bugu mai tsabta, irin wanda na yi digiri a kansa. Ban gama murna ba wani ya saki ƙofar zaure ta bugu, shirun ya watse. Na sake samunsa da azahar, zafi ya kore shi. Wannan ba abin da zan tsayar da shugaban sashe a gabansa ba ne. Na Kawu nake bukata, mai taurin ran nan. Sai a lokacin na gane ramin da na haƙa wa kaina: ban san ƙararsa ba. Sau ɗaya na ji ta a rayuwata, rabin minti, ina ɗaga hanci. Rediyon tana ba da shuuu iri-iri, wani ya daɗe kaɗan ya mutu, wani ya rikiɗe tari, kuma duk ɗaya suke a kunnena. Na buɗe littattafansa ina neman taimako. Shafi bayan shafi abin da ya rubuta bai wuce "ya zo da safe", "ya zo kamar jiya", "yau ya yi nauyin zuwa" ba.

Ranar Juma'a da la'asar Yaya ya leƙo ya ce mai kurar zai zo gobe ƙarfe goma. Na ce na ji. Wuyana ya ƙage, yatsuna sun gaji, na fara shirya yadda zan roƙi a bar min ko da gwangwanin biskit ɗin. Ina juya faifan ne kawai don kada in zauna haka nan.

Sai na ji murya daga tsakar gida, ta taga. "Kin wuce shi."

Inna ce. Tana zaune a inuwar bango tana tsintar wake a tire, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tun rasuwar ban ji ta fara wa kowa magana ba, amsawa kawai take yi.

"Na'am, Inna?"

"Na ce kin wuce shi. Koma baya kaɗan." Na koma. "A'a, wannan mai tarin ne, Malam ba ya son sa. Ki bar na hannunki, ki taɓa wani." Na saki na farko na kama na tsakiya, na karkata shi kamar kaurin farce. "Ƙara. Sannu dai. Ƙara kaɗan." Ƙarar ta yi laushi, ta daidaita, ta miƙe. "Tsaya nan. Ɗauke hannunki."

Na ɗauke. Rediyon tana ta shuuu, ba yankewa, ba tari. Na daki teburi da tafin hannu, tana nan. Na je na saki ƙofar ɗakin ta bugu da ƙarfi, tana nan.

Na ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

Ta ajiye tiren ta taso. "Shekara nawa ina jin sa ta bangon nan? In ya yi haka na san Malam zai fito ya ci abinci, sai in zuba. In mai tarin ne sai in mayar da murfin tukunya, don ko na kira ba zai ji ba." Ta iso bakin ƙofa ta tsaya daidai inda layin alli yake a da, ta dubi ƙasa, sannan ta tsallaka. Ta ja kujerarsa ta zauna, ta dafa teburin da hannu biyu, ta sunkuyar da kai tana sauraro. Kafaɗunta suka fara rawa. Kukan da matan zumunta suka yi mako suna jira, a nan ya zo, ba kowa sai ni da rediyo. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta, na faɗa mata duk abin da na kasa faɗa wa mijinta. Ban san ko ta ji ba. Yaya ya zo da gudu, ya ga abin da ke faruwa, ya juya a hankali ya fita yana neman lambar mai kura don ya dakatar da shi.

Shugaban sashe ya zo Asabar da safe, ya saurara, ya buga teburin shi ma, ya ce in kawo. Yanzu fitilar tana ɗakin gwajinmu, na haɗa ta da na'ura mai allo, kuma allon bai nuna komai ba sai abin da Kawu ya riga ya faɗa. Rediyon tana gefenta, ban yarda a cire ta ba. Takardar da ya roƙe ni mu rubuta ina rubuta ta, sunansa a gaba.

Amma abin da nake so a tuna ba wannan ba ne. Ranar Juma'ar nan, da Inna ta gama kukanta, ta share fuska da gefen zane, ta ƙara sauraron ƙarar na ɗan lokaci. Sannan ta miƙe, ta gyara ɗaurinta, ta nufi ƙofa kamar yadda ta saba yi duk shekarun nan in ta ji wannan sautin. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Ai ya zo. Taso in zuba miki abinci, 'yar Kawu."

Ubangiji ya ba Kawu hutu a wurinsa, ya riƙe mana Inna, ya sa mu faɗi abin da ke bakinmu tun masu ji suna nan.